An Ɗauke Shi Aiki, To Wa Ya Karɓe Shi?

A ƙasar nan da wuya ka sami abin da ake kai ruwa rana a kansa kamar ɗaukar aiki. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin cewa wata hukuma za ta ɗebi mutane, sai gari ya ɗauka. Wannan yana neman takardar ɗan majalisa, wancan ya tafi gaida basarake, uwa tana tashi cikin dare tana roƙa wa ɗanta. Idan sunaye suka fito a yi murna, a yi sadaka, dangi su yi ta bugo waya suna barka. Daga nan sai maganar ta mutu. Ba za a sake jin ɗuriyar ma'aikacin ba sai ranar da aka ce bai iya aiki ba, ko ya cika makara, ko an kama shi yana karɓar na goro. Tsakanin ranar barka da ranar ƙorafi akwai 'yan watannin da babu mai waiwayarsu, alhali a cikinsu ne ake gina ma'aikaci ko a lalata shi.

A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su, ta yi shelar ɗaukar 25,000 a madadinsu. An yi ta muhawara a rediyo da jaridu, ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki. Kusan duk gardamar a kan abu biyu ta tsaya: wa ya cancanci kora, wa ya cancanci ɗauka. Ba a cika jin mai tambayar abin da zai faru idan sabon malamin ya iso makarantar ƙauye ranar Litinin da takardarsa a hannu ba. Wa zai tarbe shi? Me za a nuna masa? Wa zai shiga ajinsa ya ga yadda yake koyarwa kafin zango ya ƙare? Wannan giɓi ba na jiha ɗaya ba ne. Haka abin yake a sakatariyar ƙaramar hukuma, da asibitin kuɗi, da masana'anta, da babban kanti.

Ga yadda ranar farko takan kasance a ofisoshinmu da dama. Saurayi ya sha shaddarsa da guga, ya riƙo takardunsa cikin jaka, ya iso tun kafin ƙarfe takwas. Mai gadi bai san da zuwansa ba. Bayan 'yar muhawara a bakin ƙofa sai a nuna masa benci a baranda, a ce Oga yana mitin. Yana nan zaune har a kira azahar, ba ya son tashi kada a neme shi a rasa. Can wajen ƙarfe biyu mai ofishin ya fito, ya dube shi ya ce, "Af, ashe yau ne za ka fara? Je ka wajen Malam wane ya nema maka wurin zama." Malam wane kuma ya tafi ɗauko yara daga makaranta. Washegari a jawo masa wata kujera da aka jingine saboda ta karye, a ajiye shi a gefen teburin wani. Mako guda cur ba wanda ya miƙa masa ko fayil ɗaya, sai latsa waya da karanta tsohuwar jarida. A mako na biyu ya gane cewa ko ya zo da wuri ko bai zo ba, babu mai lura. A na uku ya fara shigowa ƙarfe goma. Bayan wata shida wannan Ogan da ya bar shi a kan benci shi ne zai zauna yana cewa yaran yanzu ba su san darajar aiki ba.

Abin da shugabanni ba su cika ganewa ba shi ne, sabon ma'aikaci ba ya zama haka nan ba tare da malami ba. In hukuma ba ta koya masa ba, baranda za ta koya masa. Akwai tsohon akawun da ya shekara goma sha ba a yi masa ƙarin girma ba, zuciyarsa ta riga ta mutu, shi ne zai fara jan yaron gefe: "Kwantar da hankalinka, ɗana, aikin gwamnati ba a yi masa gaggawa." Akwai wanda zai nuna masa yadda ake sa wa aboki hannu a rajistar zuwa aiki, da yadda fayil ke kwana a aljihun tebur har mai shi ya fahimci abin da ake nufi. Waɗannan darussa suna shiga da sauri domin su kaɗai ne ake ba shi, kuma masu ba da su su ne kaɗai suka nuna sun san da zamansa.

Akwai kuma kishiyar wannan, wadda ta fi yawa a wuraren masu zaman kansu, wato a jibga wa mutum aikin gaba ɗaya tun bai san ƙofar shiga da ta fita ba. Makarantar kuɗi ta yi wa malama tambayoyi ranar Asabar, ranar Litinin a miƙa mata alli a nuna mata aji cike da yara. Ba manhaja, ba jadawalin darasi, wanda ya bar ajin ya tafi cikin fushi bai bar ko layi ɗaya da zai nuna inda ya tsaya ba. A ƙaramin asibiti a sa sabuwar nas aikin dare ita kaɗai a makonta na farko, ba ta san wanda ke riƙe da makullin kabad ɗin magani ba, ba ta da lambar likitan da za a kira, ba ta san wanda ke tayar da janareta in an ɗauke wuta ba. Tana da takardar shaida, ta kuma iya aikinta, amma babu makarantar da ke koyar da inda wannan asibitin yake ajiye makullinsa.

A masana'anta kuwa abin yakan kai ga jini. Duk wanda ya san unguwannin masana'antu na Kano, Sharaɗa da Challawa da Bompai, ya san yadda matasa ke cincirindo a bakin ƙofa da sassafe suna jiran a ɗebe su aikin yini. Dokar Masana'antu ta 1987 ta faɗa ƙarara cewa kada a tsayar da mutum a kan injin da zai iya ji masa rauni sai an yi masa cikakken bayanin haɗarinsa, an horar da shi, ko kuma an sa shi ƙarƙashin kulawar wanda ya san injin. Amma sau nawa ake cewa da yaro "tsaya nan, ka yi yadda wancan yake yi," cikin ƙarar da ko magana ba a ji? Ba a nuna masa maɓallin kashe inji ba, ba safar hannu, ba takalmin kariya. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki, sai dai babu diyyar da ke mayar da yatsa. Rabin sa'a na bayani da kwana biyu a gefen gwani sun fi kowace diyya araha.

Akwai wani ɓangare na matsalar da ya fi shafarmu mu mutanen Arewa, kuma shi na fi so a tsaya a kansa. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da girmama na gaba. Yaro ba ya tsare babba da ido, ba ya katse shi, ba ya yawan tambayarsa. Wannan tarbiyya abin alfahari ce a gida, amma a wurin aiki takan rufe bakin sabon ma'aikaci a daidai lokacin da ya fi bukatar buɗe shi. Manaja ya zuba bayani na minti goma a tsaye, yana yi yana amsa waya, sannan ya ce, "Ka gane?" Amsar guda ɗaya ce: "Na gane, yallaɓai." Ko kashi ɗaya cikin uku bai kama ba, amma yana ganin in ya ce a maimaita za a ɗauke shi daƙiƙi, ko a ce ya raina babba. Muna cewa matambayi ba ya ɓata, sai dai a ofis mai tambaya yakan sha harara. Sai ya koma tebur ya yi ta lalube, ya yi kuskure, ya ɓoye kuskuren, ƙaramar matsala ta girma har ta fashe.

Maganin wannan ba wa'azi ba ne a kan cewa matasa su daina jin kunya. Sauya tambayar za a yi. Maimakon "ka gane?" a ce "to yi in gani." Kashiya ta buga rasit ɗaya a gabanka, akawu ya rubuta wasiƙa ɗaya ka duba, mai inji ya kunna ya kashe kana tsaye. Nan take za ka ga inda aka tsaya ba tare da ka tilasta wa kowa ya furta cewa bai fahimta ba. Sannan a haɗa shi da wanda ba zai ji nauyin tambayarsa ba. Sabon ma'aikaci baƙo ne, kuma a al'adarmu baƙo ba ya sauka a gari sai da mai masauki, wanda zai nuna masa hanya, ya gabatar da shi ga mutane, ya kuma amsa tambaya in wani abu ya same shi. Kowane sabon ɗauka yana bukatar mutum ɗaya da aka ambata da suna, wanda ya girme shi a aikin da 'yan shekaru kaɗan, ba darakta ba, ba kuma wanda aikin ya riga ya gundura ba. A faɗa wa su biyun a gaban juna, a kuma rage wa mai masaukin wani abu daga nauyin da ke kansa na 'yan makonni, domin in aka ɗora masa a kan aikinsa ba tare da sassauci ba, zai ɗauki baƙon a matsayin kaya. Wurin irin wannan mutum ne ake iya tambayar abubuwan da ba a rubuta a ko'ina ba: ina ake salla, ina ake cin abinci, wa ake fara gaisarwa, wace takarda ce ba a kai wa Hajiya sai ta bi ta hannun mataimakinta.

Abin mamaki, masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa sun daɗe da sanin wannan. Je ka garejin bakanike ka ga yadda ake karɓar yaro. Uba ko kawu ne zai kawo shi, ya damƙa shi hannun maigidan gareji, kowa ya san wanda ke da alhakinsa. Ba a ba shi inji ya kwance. Zai fara da wanke notuna a cikin fetur da miƙa sifana, har ya san ta sha biyu daga ta sha huɗu da ido kawai. Daga nan ya koma cire taya, sai birki, sai abin da ya fi wannan, kuma duk abin da ya ɗaura sai wani babba ya bi ya taɓa kafin mota ta fita. A Kantin Kwari ma yaron shago yakan fara da shara da ninke atamfa da ɗauko kaya daga sito, ya san sunan kowane yadi da hannunsa, sannan a bar shi ya yi ciniki, kuma aljihun kuɗi da littafin bashi su ne na ƙarshe da za a sakar masa. Ban ce tsarin ba shi da aibu ba. Akwai zagi, akwai duka, akwai yaran da ke shekara da shekaru ba a sallame su ba. Amma abu biyu da yake da su, wato bin aiki daki-daki da sanin wanda ke da alhakin yaro, su ne ofisoshi masu kwamfuta da na'urar sanyaya ɗaki suka rasa.

Gwamnati ma ta san amfanin share fage. A shirin yi wa ƙasa hidima da aka kafa a 1973, ba a tura matashi wurin aiki sai ya yi wasu makonni a sansani. Sabon likita sai ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin manya kafin a ba shi cikakkiyar rajista. Sai dai ɗan hidimar ƙasa yana barin sansani yakan faɗa cikin abin da na bayyana a sama: ko a ce ba a bukatarsa, ko a ajiye shi yana sayo wa ofis abinci, ko a miƙa masa darasin lissafi na makaranta gaba ɗaya alhali tarihi ya karanta.

Sai maganar takarda da kuɗi, inda ake yawan cutar mutane da sunan "ai mun zama ɗaya." Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su cika: irin aikin, da albashi, da lokutan aiki, da hutu, da wa'adin sanarwa in za a rabu. Wurare da yawa ba sa yi. Ana ce wa mutum, "Fara tukuna, sai mun ga kamun ludayinka." Shi kuma saboda ya daɗe yana nema, ga kunya, ba zai iya tambayar nawa za a biya shi ba, sai ƙarshen wata ya ga abin da aka miƙo masa. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. Matasa nawa ne aka zaunar aka yi wa wannan bayani a makonsu na farko, aka nuna musu yadda za su buɗe asusun su kuma riƙa duba ko kuɗin na shiga? Wasu sai bayan shekaru suke gano cewa ana cirewa amma ba a zubawa.

A aikin gwamnati matsalar jinkirin albashin farko ce. A ƙarƙashin tsarin biyan albashi na IPPIS da aka fara a 2007, sabon ma'aikacin tarayya ba ya ganin ko kwabo sai an shigar da sunansa, kuma sanannen abu ne cewa wannan yakan ɗauki watanni. A jihohi ma akwai irin wannan jira. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, amma wanda ba a fara biya ba ko wannan bai gani ba, ga kuɗin mota kullum, ga haya in an tura shi wani gari, ga dangi da suka riga suka sa shi a lissafin masu albashi. Mutumin da ya yi wata biyar yana cin bashi, aka kuma zaunar da shi a teburin da jama'a ke zuwa neman sa hannu, an kai shi bakin jarraba tun bai san daɗin halalinsa ba. Ba ina wanke mai karɓar cin hanci ba ne. Ina cewa hukumar da ta san albashi zai yi jinkiri ya kamata ta faɗa masa gaskiya tun ranar farko, ta sa wani jami'i ya bi takardunsa, ta kuma ba shi wani abu a matsayin rance da za a cire daga baya.

Wani kuskuren kuma shi ne karɓar mutane gwargwadon wanda ya turo su. Ɗan wane ya zo, tebur na jiransa, ba mai iya ce masa ya yi ba daidai ba domin ana tsoron waya daga sama. Marar gata ya zo a rana ɗaya, a tara masa aikin mutum uku. An cuci dukansu biyu: na farko zai shekara goma bai iya komai ba, na biyu zai gaji ya tafi ko ya zama mai ƙullaci. Mace kuma tana da ƙarin bukatar da shugabanni maza kan manta. Ya kamata tun farko a gaya mata, a fili ba a kaikaice ba, wurin wanda za ta kai ƙara idan wani ya matsa mata da maganar banza, a kuma tabbatar ba shi ne shugabanta na kai tsaye kaɗai ba. A gaya mata haƙƙinta na hutun haihuwa kafin ta bukace shi. Yarinyar da ba a yi wa wannan bayani ba, ranar da abu ya faru shiru za ta yi, ko ta daina zuwa, a ce ai dama mata ba sa jure aiki.

Kunya ba ta tsaya kan na ƙasa ba, shugabanni ma suna da tasu, wadda muke kira kawaici. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun ba sabon ma'aikaci shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da shi. Manufar ita ce a lura da shi, a gyara masa, a ga ko ya dace. A aikace sai abin ya koma ƙidayar watanni. Shugaba yana ganin kuskure ya kau da kai, yana gunaguni a bayan ido, yana faɗa wa kowa ban da mai laifin. Rannan in abin ya ishe shi sai ya ɓarke da faɗa a gaban jama'a, ko ya aiko da takardar tuhuma. Yaron da bai taɓa jin an ce masa "nan ka yi daidai, nan kuma gyara" ba sai ya ga abin kamar ƙiyayya. Minti goma sha biyar a ƙarshen kowane mako, ƙofa a rufe, su biyu kawai, sun isa: me ka yi a makon nan, ina ka sami cikas, ga abin da na lura da shi. Gyaran da aka yi a keɓe tun abu yana ƙarami ba ya zubar da mutuncin kowa.

Na san abin da masu ƙananan kamfanoni za su ce, domin suna faɗa: "In na ɓata lokaci na koya masa, yana gogewa zai gudu wurin da ya fi ni biya." Gaskiya ne wasu za su tafi, kuma da ciwo. Amma wanda ba a koya wa ba ya zauna, shi ne ke korar masu sayayya, yana lalata kaya, yana sa maigida ya kasa yin tafiyar kwana biyu. Kuma da yawa daga masu tafiyar ba albashi ne kawai ke korarsu ba, rashin sanin matsayinsu ne da jin cewa ba a damu da su ba. Manyan kamfanoni ma suna zuba kashi 1 cikin ɗari na kuɗin albashinsu a asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa tun 1971, kuma doka ta ba su damar karɓo wani kaso idan sun nuna sun horar da mutanensu. Kuɗin horo suna fita ko an yi horon ko ba a yi ba.

Shi ma sabon ma'aikacin da nasa rabon. Ya riƙe ɗan littafi ya rubuta abin da aka nuna masa don kada a yi ta maimaitawa, ya nemi takardar sharuɗɗansa cikin ladabi, ya kuma lura da irin wanda yake zama kusa da shi. Sai dai nauyin ya fi karkata ga masu gida, domin su suka san wurin, su ke da iko.

Da ofisoshin shugabannin ma'aikata na jihohi da hukumomin ilimin firamare za su ɗauki mataki ɗaya, da na ce su ƙara layi biyu a takardar tura sabon ma'aikaci: sunan jami'in da zai karɓe shi, da ranar da wannan jami'in zai aiko da rahoton wata uku na farko. Idan daga baya aka kawo ƙarar cewa ma'aikacin bai iya aiki ba, a fara neman wannan rahoton, a tambayi shugaban sashen abin da ya koya masa da ranar da ya zauna da shi, kafin a buɗe fayil ɗin yaron.